Makullin Babur Ɗin Malam Sallau

To, ku matso, ku bar wannan hirar haka nan. Zan ba ku wani labari, amma da sharaɗi: idan na kai ƙarshe, ba mai tashi ya kaɗe riga sai ya faɗi nasa ra'ayin.

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Gawo an yi wani dattijo, Malam Sallau, tsohon malamin gona. Shekara talatin da huɗu yana hawan babur ɗaya bai sake ba. Ba irin ƙananan nan ba ne da mutum biyu za su ɗaga su haye kwata da shi. Dogo ne, baƙi, mai manyan tayoyi, irin wanda a da ake ba ma'aikatan da ke shiga daji, kuma da ya ajiye aiki aka bar masa shi. Saboda tsayinsa mutanen gari suka sa masa suna Raƙumi. A kansa Malam Sallau ya kai iri da maganin ƙwari ƙauyukan da mota ba ta taɓa takawa ba. A kansa ya sha ɗauko ungozoma, ya sha kai labarin rasuwa, ya sha kai matarsa Delu ganin gida, tana zaune a baya a karkace, hannu ɗaya a kafaɗarsa.

Kowace safiya kafin ya karya kumallo sai ya goge shi da tsumma, ya duba baƙin mai, ya matsa tayoyi da babban yatsa, ya tayar da shi ya tsaya yana saurare, kai a sunkuye. Daga ƙarar kaɗai yakan gane fulogi ya fara gajiya ko sarƙa ta saki. Kuma yana da doka guda wadda bai taɓa karyawa ba: abin da ya lalace a gyara, abin da ya mutu a nemo irinsa a sa, amma ba a sake wa babur ɗin kama. Lokacin da samari suka shiga yayin yanke salansa da liƙa fitilu masu launi, shi ko madubi bai canza ba. Yakan ce, "Waɗanda suka ƙera shi ba mahaukata ba ne. Kowane ƙarfe da dalilinsa suka sa shi."

'Ya'yansa maza uku ne, dukansu a gindin babur ɗin suka tashi, sai dai kowa da abin da ya ɗauka.

Babban, Tanimu, bakanike ya zama. Mutum ne mai sanyi, maganarsa kaɗan, aikinsa a hankali, har masu gaggawa kan kai baburansu wani wuri. Da yake ɗan fari ne, uban ba ya kama sunansa, Babba yake ce masa.

Na biyun, Ilu, mai walda ne, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Duk abin da ya gani sai ya hango yadda za a yi ya fi haka. Yana ɗan shekara goma sha tara, ranar da uban ya tafi ta'aziyya a mota, ya kwance salansar Raƙumi ya yanke ta, ya ja jan fenti a tanki, yana zaton za a yaba. Malam Sallau ya dawo, ya tayar da babur, ya ji wata ƙara kamar ana yaga kwanon rufi. Bai ɗaga hannu ba, bai ɗaga murya ba. Ya tara mutanen gida ya ce, "Ilu, muddin ina numfashi, kada hannunka ya sake taɓa babur ɗin nan." Sai da ya yi wata biyar yana cigiya kafin ya samo salansa irin ta asali. Shekara goma sha biyar suka wuce. Ilu ya yi aure, ya haihu, ya buɗe rumfarsa a bakin hanya, amma in zai wuce ta zauren gidansu sai ya tattare rigarsa don kada ta goga jikin babur ɗin. Gaisuwa ce kawai tsakaninsa da uban. Malam Sallau ya sha jin cewa maganar ta yi nauyi, amma bai san ta inda zai janye ta ba.

Autan, Barau, shi ya gaji hawan. Ba wanda ya kai shi sanin laka da yashi, kuma da acaɓa ya riƙe kansa. Wata rana ya goyo amininsa Cindo daga kasuwar Tudun Ƙaya, a wata kwana saniya ta faɗo musu kan hanya. Barau ya tashi da ƙurjewa kawai. Cindo kuwa a kan cinyarsa ya cika kafin a sami mota. Ba wanda ya ɗora masa laifi, har iyayen mamacin, amma a wannan makon Barau ya rabu da babur ɗinsa ya koma noma. Shekara shida bai sake ɗora ƙafa a kan babur ba, ko da goyo ne. In kasuwa ta kama shi, a ƙasa yake zuwa ya dawo.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe wa Malam Sallau gani. Ya yi ta ɓoyewa, yana tafiya da sanin hanya, har ranar da ya ɗauki wata mata mai tulu a ka a matsayin inuwar bishiya, Allah ne kaɗai ya tsare. Ya dawo gida a hankali, ya shigar da Raƙumi zaure, ya zare makulli ya sa a aljihu. Daga ranar bai sake hawa ba.

Juma'ar da ta biyo baya da safe, Tanimu ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ara mini makullin." Ya fito da babur ɗin ƙofar gida, ya tayar da shi, ya bar shi ya yi ɗumi, ya hau ya je ƙarshen gari ya dawo. Ya shafa wa sarƙa giris, ya goge shi, ya mayar da shi, ya miƙa makulli. Wata Juma'ar ma ya dawo. Haka ya yi ta yi shekara uku, da rani da damina, ba Juma'ar da ta wuce shi, har wadda aka yi masa haihuwa a cikinta. In fetur ya daɗe a tanki ya juye ya zuba sabo, kuma ba ya barin tankin sai a cike. Sau biyu ɓeraye suna cinye wayoyi yana sakewa. Da tayoyin suka fara tsagewa don tsufa, sai da ya yi tafiyar yini guda zuwa birni kafin ya samo irin girmansu. Abokansa suna yi masa dariya, wai ya zama makiyayin ƙarfe. Uban da kansa ya taɓa ce masa, "Babba, ka daina wahalar da kanka. Ni dai na gama hawa."

Tanimu ya ce, "Baba, inji in ya daɗe a kwance, ranar da ake nemansa ba zai amsa ba."

Malam Sallau bai sake hana shi ba. Gaskiyar magana, wannan rabin sa'ar da yake zaune a dakali yana jin ƙarar Raƙumi, ita yake jira duk mako.

To, wata Talata a tsakiyar damina, ranar kasuwar Tudun Ƙaya, duk mai babur a Kwarin Gawo ya yi sammako ya haye rafi, har da Tanimu da ya tafi sayo kayan gyara. Ba su daɗe da wucewa ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin hantsi rafin ya kawo, ya ɗebe kwalbatin da ake bi, ya bar wani rami mai ambaliya da ko gwanin iyo ba zai tunkara ba. Wayoyi ma duk suka daina shiga.

A wannan safiyar Delu ta sa hannu ƙarƙashin rumbu don ta jawo busasshen ice, tana ja kububuwa ta biyo shi ta sare ta a ƙafa. Aka kira mai maganin maciji, ya yi abin da ya sani. Amma kafin azahar ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini ya fara fita daga dasashinta, in an zaunar da ita sai ta sulale. Mai maganin ya ja Malam Sallau gefe ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfina. Allurarsa sai babban asibitin Tudun Ƙaya. In rana ta faɗi tana nan, to, sai haƙuri."

Hanya ɗaya ta rage, wani tsohon mashigin shanu can sama, inda rafin ya yi faɗi ya rage zurfi. Mil tara ne cikin daji kafin a kai shi, daga can kuma mil goma sha ɗaya zuwa asibiti, ba gari a tsakani. In a ka za a ɗauke ta, sai gobe. Amalanken shanu kuwa laka za ta riƙe shi tun a bayan gari.

Malam Sallau ya tashi ya lalubi bango har zaure. Ya san hanyar nan, ya bi ta ya fi sau ɗari, kuma ya san ba abin da zai iya ta yau in ba Raƙumi ba. Ya sa makulli, ya dafa kan babur, ya yi bisimilla, ya taka kik da duk ƙarfin da tsufa ya bar masa. Taku ɗaya, inji ya amsa, murya garau, kamar jiya aka sauka daga kansa. Ya buɗe tanki ya tsoma yatsa, ya ji mai har baki. Sai ya ji idonsa ya ciko, ya ce a ransa, Allah ya yi maka albarka, Babba.

Yana nan tsaye ya ji takun mutum a ƙofar zaure. Ilu ne, jiƙe sharkaf.

Ilu ya ce, "Baba, Inna ba za ta iya zama a kansa haka ba, kafin a fita gari za ta faɗo. Kuma yanzu na dawo daga bakin rafi na ga yadda ruwa ya hau. A mashigi zai kai cinya. Yana shiga salansa, inji ya mutu a tsakiyar ruwa. Sai an yanka, sai an yi walda."



Ya ƙara da cewa, "Ba izini na zo nema ba, Baba. In ka ga dama gobe ka tsine mini." Ya kama kan babur ɗin da hannu biyu ya tura shi waje.

Dattijon ya bi ƙarar tayoyi a cikin laka har rumfar walda. Ya ji zarto ya kama ƙarfen ɗaukar kaya na baya, wanda shi da hannunsa ya fi shekara talatin yana gogewa, kuma kowane ja ɗaya sai ya ji shi har cikin haƙoransa. Babur ɗin yana ta rawa ƙarƙashin zarton. Malam Sallau ya matsa, ya lalubo kan babur, ya riƙe masa shi gam.

Ilu ba shi da rodi ko wani ƙarfen aiki a ranar, don haka ya ɓalle ƙofar rumfarsa ya yayyanka ta. Ya ƙera wata kujera mai jingina da makari a kowane gefe, da wurin miƙe ƙafa, ya liƙa ta a bayan babur, aka shimfiɗa katifar yara a ciki. Ya haɗa wa salansa bututu ya tanƙwara shi sama har ya wuce kujerar. Ya sa tiyo a inda inji ke shaƙar iska ya jawo bakinsa sama kusa da tanki, ya cika kan fulogi da giris ya naɗe da roba. Gilashinsa na walda ya faɗi ya fashe tun a farkon aikin, bai tsaya nema ba, da ido tsirara ya yi ta kallon wutar. Ba lokacin jiran ƙarfe ya huce, da jiƙaƙƙen tsumma yake kamawa, da tsumman ya ƙone ya ci gaba da kamawa da tafin hannu. Malam Sallau ba ya gani, amma ya ji ƙaurin. Aikin da kan ci yini biyu, Ilu ya gama shi bai cika sa'a ɗaya ba. Ya hau kujerar da kansa ya jijjiga ta da duk nauyinsa, ba ta motsa ba.

Aka fito da Delu aka kwantar da ita a ciki, mata suka ɗaɗɗaure ta da zannuwa. Sai ya rage mai hawa. Ilu bai taɓa iya hawan daji ba, ga hannu a ƙone, ga ido yana ta zubar da ruwa. Sauran maza tsofaffi ne. Barau yana tsaye can jikin katanga, kowa ya san yana nan, ba wanda ya iya kallonsa.

Malam Sallau ya tattare riga ya ce, "Ku kama mini, ni zan hau. Hanyar tana cikin kaina."

Ya ɗaga ƙafa ke nan ya ji an riƙe masa hannu. 

Barau ya ce, "Baba, sauko."

Ya zaga bayan katanga, aka ji yana amai. Ya dawo ya wanke fuska da ruwan indararo, ya hau. Uban ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Auta, saurara. In ka shiga ruwa, giya ɗaya. Kada ka saki totur ko me ya faru. Kuma kada ka kalli ruwan, zai juya maka kai. Ka zaɓi bishiya ɗaya a ƙetare ka kafa mata ido."

Barau ya ce, "To, Baba."

Malam Sallau ya tsaya a tsakiyar hanya yana saurare. Ya ji an saki kuloci da gaggawa har inji ya kusa mutuwa. Ya ji giya ta biyu ta shiga da ƙara, ta uku ta shiga lafiya. Daga nan ƙarar ta daidaita, ya san hannun yaron ya tuna. Bai motsa ba sai da ta ɓace. Sannan ya koma zauren da ya zama wayam, ya zauna a ƙasa da carbinsa. Shekara arba'in da ɗaya suna tare da Delu, bai taɓa tunanin gidan ba ita ba sai a ranar.

Abin da ya faru a hanya daga baya ya ji shi, wani daga bakin Barau, wani daga bakin ita Delun. Mil taran nan na daji rabinsu da ƙafa biyu a ƙasa Barau ya yi su, yana tallafe babur a cikin taɓo. Da suka kai mashigi ya jingina shi da kututture, ya shiga ruwan shi kaɗai ya auna, ya ji ya kai masa cinya kuma yana ja. Ya dawo ya tarar da uwar ta buɗe ido. Ta ce masa, "Auta, in ka ga abin ba zai yiwu ba, kada ka kashe kanka saboda ni. Na ci zamanina."

Ya ce, "Inna, rufe idonki kawai."

Ya zaɓi wata ɗinya a ƙetare ya shiga. Ruwa ya shanye tayoyi, ya shanye inji, amma bututun Ilu yana sama yana ta huci. A tsakiyar rafi tayar gaba ta daki dutse, babur ya karkata zai kwanta da su. Barau ya kafa ƙafar hagu, ta shige tsakanin duwatsu biyu, nauyin babur da na uwarsa da na ruwa duk suka sauka a kanta. Ya ji ƙashin ya ce ƙas. Bai saki totur ba. Ya fizge ƙafar, ya miƙar da babur, suka fita.

Sauran mil goma sha ɗayan da diddige ya riƙa sa giya, don yatsun sun daina jin umarni. Bayan mashigi kaɗan Delu ta daina amsawa. Yana kiranta, shiru. Ba ya iya waiwayawa, kuma ya san in ya tsaya ya duba ba zai iya sake tashi ba. Haka ya yi ta tafiya bai san ko mai rai yake ɗauke da ita ko gawa ba, yana ta yi mata hira shi kaɗai, yana gaya mata yadda gero ya yi kyau bana. Hanyar ta fito da shi daidai kwanar da Cindo ya rasu. Ya wuce ta bai rage gudu ba. Rana tana kan bishiyoyi ya shiga ƙofar asibiti, sai da aka sauke uwar sannan shi ma aka ɗauke shi daga kan babur ɗin, don ya kasa saukowa.

Tanimu kuwa yana cikin kasuwa tare da sauran waɗanda ruwa ya tare, bai san komai ba, sai da wani ya ce masa ya ga Raƙumin babansa a asibiti da wata irin kujera a baya. Ya zo a guje ya tarar an riga an yi wa uwar allura, an shiga da ƙanensa ɗakin ɗori. Ba abin da ya rage da zai yi. Ya zauna a gindin babur ɗin yana kuka, ya tuɓe hularsa yana goge masa laka da ita.

Washegari da hantsi waya ta shiga. Maƙwabci ya kawo ta da gudu ya kara wa Malam Sallau a kunne, ya ji muryar Tanimu yana cewa, "Baba, ta farka. Ta ce a gaya maka a ba awaki dusa." Dattijon ya yi sujada a nan inda yake.

Kwana goma sha tara ta yi a asibiti ta dawo da ƙafarta. Ma'aikatan sun ce da an ƙara sa'a ɗaya ko biyu, da ba su da abin yi. Barau ya warke, amma har yau yana ɗan ɗingishi. Ilu ya yi kwana huɗu a ɗaki ido a kumbure, ya tashi yana gani, sai dai yatsu biyu na hannun damansa ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Tanimu ne ya dawo da Raƙumi gida, ya tambayi uban ko ya cire kujerar da bututun ya mayar da shi yadda yake. Malam Sallau ya daɗe yana bin ɗinkin waldar da yatsa, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya ce, "Bar shi."

Bayan an yi kaka dattijon ya ji jikinsa yana ƙara sanyi. Ba ya so babur ɗin ya faɗa cikin gado a sayar a raba, ya fi so ya ba da shi kyauta da ransa, ya san hannun da ya shiga. Ya kira liman da dattawa biyu, ya tara 'ya'yan, ya ajiye makulli a kan buzu, ya ce wanda ba ya so ya faɗa. Ya yi zaton biyu za su janye. Ba wanda ya janye.

Tanimu ya ce shi bai san yadda zai yi da safiyar Juma'a ba in babu Raƙumi, kuma ba ya jin wani zai kula da shi yadda ya kamata. Ilu ya sunkuyar da kai ya ce shi ba hawa ya dame shi ba. Shekara goma sha biyar yana tattare riga a zauren gidan da aka haife shi, in makullin nan ya shiga hannunsa daga hannun ubansa, zai san maganar nan ta mutu. Barau ya ce tun da ya warke ya gwada hawa babur uku, kowanne yana ɗora ƙafa jikinsa ke ɗaukar ɓari. A kan Raƙumi kaɗai hannunsa ke tsayawa, in ya same shi zai koma sana'arsa, kuma duk mara lafiyar da ke garin ya sami mai kai shi asibiti.

Liman ya kawo shawarar su riƙa karɓa-karɓa. Malam Sallau ya girgiza kai ya ce ya ga baburan haɗaka da yawa, bai ga wanda ya shekara biyu da lafiya ba. Aka aika a tambayi Delu, tun da ranta aka ceto. Ta ce a gaya musu ita duka ukun ta haifa, kada a sake kawo mata wannan magana.

Gari ya rabu uku. Wasu suka ce na Tanimu ne, don da bai yi shekara uku yana abin da ake yi masa dariya a kai ba, da ranar nan tarin tsatsa za a tarar a zaure, ba abin da Ilu zai yanka, ba abin da Barau zai hau. Aka ce musu ai ranar da ake neman mutum ba ya nan, ko ƙwarzane bai samu ba. Wasu suka ce na Ilu ne, don lafiyayyen inji da gwanin mahayi duk a tsakiyar rafi za su ƙare in ba bututunsa, kuma shi ya yarda ya ɗauki tsinuwar uba, ya ba da yatsunsa. Aka ce musu ai aikin sa'a ɗaya ne, kuma shi ko hawan bai iya sosai ba. Wasu suka ce na Barau ne, don ƙarfe ba ya kai kansa asibiti, shi ya sa ransa a ruwa, ya hau abin da ya fi tsoro a duniya, ya yi mil goma sha ɗaya da karyayyar ƙafa. Aka ce musu ai abin da yayyensa suka shirya ya tarar ya hau, kuma shekara shida ko kallon babur ɗin bai yi ba.

Malam Sallau ya saurari kowa. Duk wanda ya yi magana sai ya ji shi ke da gaskiya, har sai na gaba ya buɗe baki. Da la'asar ta yi ya ce a tashi a yi salla, ya lalubi makullin a kan buzu ya damƙe shi a hannu, ga 'ya'yansa uku durƙushe a gabansa suna jira.

To, ku da kuka ji yadda aka yi, a tafin hannun wa ya kamata dattijon nan ya sa makullin: Tanimu, ko Ilu, ko Barau?